Kamiyon Alhaji Gado da Sanyin Allakai

Jiya da safe ina zaune nan bakin gareji, na ga ɗayanku ya shiga motar malamin lakwal, wato makarantar boko, ya murɗa makulli, inji bai gama tashi ba ya taka mata wuta har kajin maƙwabta suka watse. Da na yi magana sai ya ce wai ɗuma ta yake yi. Na ƙyale shi don mai mota yana tsaye. Yanzu da babu baƙo, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Kun ɗauka aikin nan kwancewa ne da ɗaurewa, duk wanda ya iya riƙe kile, wato sufana, ya zama makanike. To, inji da safe yake mutuwa, a hannun wanda ya tada shi, kuma ba ya mutuwa ranar da aka cuce shi. Sai ya yi watanni yana tafiya lafiya, sannan ya faɗi a hannun wani, a rasa wanda za a kama.

Ni mutumin Azarori ne. Bayan farin farko, wanda ya cinye shanun mahaifina, sai ya kawo ni Madawa ya damƙa ni ga Baba Ishaya. Kirista ne, a garejin asibitin mishan ya koyi aiki kafin ya buɗe nasa. Mutanen garinmu sun yi ta yi wa mahaifina surutu a kan haka. Shi kuwa ya ce musu mutum ne da ba ya musanya ƙarfe, kuma ba ya hana yaro salla. Duka biyun gaskiya ya faɗa.

Aikin farko da ya ba ni ba a jikin mota ba ne. Watan sanyi ne sosai, irin wanda ruwan buta ke ƙona hannu. Da maraice ya zuba man inji a gwangwani ya ce in ajiye a waje ya kwana. Da asuba ya jingina wani fallen kwano a bango, ya ce in tsiyaya man a kai. Na karkata gwangwani, man nan ya tsaya yana shawara, sannan ya fito a dunƙule kamar zumar da ta daɗe a gora, yana rarrafe.

Ya ce, "Abdu, ka gan shi? Wanga abu shi na za ya bi ta ramin da bai kai kaurin tsinke ba, shi hau har kan inji. Kahin shi isa, mi kake tsammani ƙarhe ke yi?"

Na ce ban sani ba.

"Cin ɗan'uwanshi yake yi."

Daga nan ya kwantar da wani inji a ƙasa ya nuna mini hanyar. Idan mota ta kwana, duk man ya gangara ya koma tukunyarsa ta ƙasa. Da ka tada ta, famfo ne zai jawo shi ya tura shi cikin jijiyoyin inji, ya shiga tsakanin babban sandan da ke juyawa da waɗannan ɓawon ƙarfe masu laushi da yake kwance a kansu, waɗanda muke ce wa kusine. Muddin akwai mai a tsakaninsu ba sa taɓa juna, ko shekara nawa za su yi. Allurar da ke gaban shofer kuwa ita ke faɗa maka ko man ya isa. Idan tana kwance, inji a bushe yake juyawa. Kuma ko ta miƙe da sanyin safiya, kar ta ruɗe ku. Takan haura sama fiye da yadda take yi da rana, ba don mai ya wadata ba, sai don ya yi kauri famfo yana fama da shi. Sai an ba shi lokaci ya saki jiki. Baba Ishaya yakan ce wa shoferorinmu Musulmi su karanta Fatiha da ƙananan surori a natse kafin su sa giya, su kuma yi tafiyar farko kamar masu ɗauke da ƙwai. Suna dariya, wai Kirista na koya musu karatu.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Kile iri-iri a cikin akwatin katako, da mano guda, agogon awon ƙarfin mai ne mai dogon tiyo, wanda yake ɗaurawa a jikin inji idan bai yarda da allurar mota ba, da sandar geza da yake kafa bakinta a jikin ƙarfe ya sa ɗaya bakin a kunne. Sai farin ƙyalle na tace mai, da maganaɗisun da ya ciro daga wata matacciyar rediyo. Da waɗannan biyun na ƙarshe ya fi aiki. Ba ya tambayar shofer abin da ya faru sai ya gama tace man ya ga abin da ya rage a ƙyalle. Ya ce idan ka fara jin bakin mutum, idonka zai bi maganarsa.

Na tuna wani ɗan kasuwar albasa da ya sayo bashe, wato a-kori-kura, a Tawa, ya kawo ta yana fara'a a duba masa. Inji na tafiya sumul, allura tsaye ƙyam. Baba Ishaya ya zaro sandar awon mai, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya ce a bar ta ta kwana. Da safe muka tada ta, allura ta ƙi motsi har na fara tsorata, ƙasan inji yana ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙashi. Ashe wanda ya sayar da ita man giya ya ɗura mata, mai kaurin gaske, don ya rufe bakin kusinen da suka riga suka ƙare. Da rana ya sayar, bayan ya zagaya da ita ta yi zafi. Mai albasa bai gode mana ba. Ya fita yana cewa jiya lafiya ya kawo motarsa. Ku riƙe wannan: mai mota yana zarginku tun kafin ya sauko, kuma wanda ya taɓa ta a ƙarshe shi ake kamawa.

To, shekarar da nake son ba ku labari ita ce ta fari na biyu, wadda aka rufe iyakar Najeriya a cikinta. Baba Ishaya ya tsufa ya koma garinsu, gareji yana hannuna. Gero bai yi ba ko'ina a Adar. Kayan gyara da muke samu daga kudu suka yanke. Man inji ya zama abin nema, masu sayarwa a bakin tasha suna tace tsohon mai da tsumma su haɗa da sabo su mayar cikin galan mai kyau. Ba wanda ya yarda da wani. Ni kaina idan na sayi mai sai na ajiye kaɗan a gwangwani ya kwana tukuna.

Alhaji Gado ɗan kasuwa ne a Madawa, yana da kamiyo guda, babbar motar kaya mai shan gazuwal, wato man dizal. A shekarar nan ya samu aikin kai jar dawar taimako daga magaza, wato sito, zuwa ƙauyukan Buza. Shoferinsa Illo ne, mutumin Dewule, dogo, marar yawan magana, ya daɗe a kan hanyar. Kafin a fara jigila suka kawo mini kamiyon na sauke inji na sabunta shi. Da ƙyar na samo kusine a Ƙonni, sababbi cikin takardarsu, na buɗe su a gaban Alhaji. Na zuba mai da hannuna. Na ja Illo gefe na maimaita masa zancen safiya, ya ce ya sani tun ban fara aski ba.

Sanyi bai yi rabi ba aka jawo mini kamiyon da sarƙa. Ya tsaya a hawan dutse tsakanin Buza da Allakai da kaya a bayansa, sai da aka nemo raƙuma suka ƙarasa da buhunan. Alhaji ya iso gareji da mutum biyu daga cikin abokan zamansa, bai ko zauna ba.

"Abdu, mi ka sa ma motag ga?"

"Abin da ka gani da idonka, Alhaji."

"Na ga ka buɗe takarda. Ban ga ka sa ba."

Na ce to kowa ya tsaya, a gabansu za a buɗe. Na kwanta na kwance tukunyar mai. Na tace man a farin ƙyalle, sai ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Na ciro kusine na jera a kan buhu. Sun goge har jan da ke ƙarƙashi ya fito, biyu sun narke sun manne.

Alhaji ya ɗauki ɗaya da gefen rigarsa. "Wanga shi na sabo? Wanga ya yi shekara biyar cikin wata mota."

Ni kuma idona yana kan Illo. Na san shoferori. A shekarar nan da yawa suna zuƙe mai mai kyau su sayar, su cika da na bakin tasha. Man da ke hannuna kuwa ba shi na zuba ba, ya fi shi kauri nesa.

Na ce, "Illo, ina man da na zuba?"

Ya ce, "Ya yi lokaci, mun yi bidanji, mun zubar da shi mun sa sabo. Alhaji ya ba ni daga durom, gangar man nan ta gida."

Alhaji ya taso masa. "Durom ɗin ga surukina ya kawo shi, mai ne na gaske. Kada ka sa shi cikin zancen ga."

Ɗaya daga cikin mutanen Alhaji ya yi gyaran murya ya ce shi dai yana ganin a duba ta wajen wasu da suka nemi aikin jigilar nan ba su samu ba, don ba a rasa mai binne wani abu a hanya. Aka tashi a haka. Alhaji na zargina, ina zargin Illo, Illo na kallon durom, shi kuma wancan yana neman malami.

Kafin kasuwa ta sake ci, zance ya gama tasha cewa Abdu na sayar da sabon kaya ya sa tsoho. Motocin da na saba gani suka riƙa wuce ƙofar nan ba sa ko rage gudu. A shekarar da babu hatsi a rumbu, gareji shi ne gonata, kuma gidanmu na Azarori ni suke kallo.

Na je gidan Alhaji na ce zan sake gyara injin, ba na son ladan hannu, amma da sharaɗi: zan bi kamiyon tafiya ɗaya in ga yadda ake da shi.

Ya dube ni ya ce, "Don ka je ka rufe aikinka a hanya?"

Na ce, "Ka sa wanda ka yarda da shi shi tsaya kaina har in ɗaure ƙusa ta ƙarshe."

Haka aka yi. Ƙanensa ya zauna a kan kujera a nan inda kuke, yana kallon hannuna daga safe zuwa maraice. Aka kai babban sandan aka gyare shi, aka samo wasu kusinen. Mai kuwa Alhaji ya ce sai na durom ɗinsa, don ya gani ko shi ne. Ban so ba, amma na zuba. Ba tare da kowa ya gani ba na yi wa ƙusar tukunyar mai ɗan zane da bakin wuƙa, yadda ko kaɗan aka juya ta zan sani.

Muka ɗauki kaya muka kama hanyar Buza. Tun daga fita gari nake neman laifin Illo, ban samu ba. Yana canza giya kamar yana lallashi. Kafin kowane hawa sai ya duba allura. Inda hanya ta yi duwatsu yakan saki wuta ya bar kamiyo ya taka da kansa. Mun wuce ƙauyuka da aka toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu gida sun yi kudu. A wasu sai tsofaffi a gindin bango, suna bin mu da ido. Mun isa wani ƙauye a kwarin da ke bayan Allakai da la'asar, aka yi ta sauke kaya da rabo har duhu. Hanyar ba ta biyuwa da dare, don haka a ƙofar gidan maigari kamiyo yake kwana, inda ba mai taɓa gazuwal ko taya.

Sanyin kwari ba irin na Madawa ba ne. Yana saukowa daga duwatsu ya kwanta a ƙasa. Da na fito alwala na taɓa jikin kamiyo sai da na janye hannu. Na leƙa ƙarƙashi, zanena yana nan daidai. Na zaro sandar awo, mai cike, amma ya manne mata ko ɗiga ba ya yi.

Da muka fito masallaci sai na ga mutane. Ban ji zuwansu ba. Sun kewaye kamiyon, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, kowa da ɗan ƙunshinsa da tabarma a naɗe. Ba hayaniya suke ba. Suna dai kiran sunansa a hankali. "Illo. Illo, ɗan Hajo. Ko bakin gudro ka kai mu." Bakin kwalta suke nufi, inda za su samu hanyar zuwa wajen dangi ko inda ake dafa abinci a raba. Doka kuwa ta hana kamiyon taimako ɗaukar mutane, akwai jandarma a shingen hanya, Alhaji ma ya gargaɗe shi cewa idan aka kama motar aikin ya tafi.

Illo ya sunkuyar da kai ya ratsa su. Ya ce da ni, "Hau." Ina rufe ƙofa ya murɗa makulli. Inji ya yi tari ya kama. Allura tana kwance ƙasa. Ban ankara ba ya sa giya ya taka wuta har ƙasa. Kamiyo ya yi tsalle, mutane suka dare, muka nufi hawan da ke fita daga kwarin da ƙarfin gaske. Ta ƙarƙashin ƙafata nake jin ƙarfe yana cin ƙarfe.

Na daka masa tsawa. "Illo! Allura! Saki wuta!"

Ko kallona bai yi ba. Sai da muka hau tudu, ƙauye ya ɓace, sannan ya tsaya. Allura ta riga ta miƙe, amma abin da za a ci an ci.

Na ce, "Kai ne ashe. Kullum haka kake yi?"

"Kullum."

"Kana sane da abin da kake yi ma injin?"

"Na hi ka sani, Malam Abdu. A jikina nake jin shi."

"To don mi? An ɓata mini suna a gari saboda kai."

Illo ya saki sitiyari. Sannan ya ce tafiyar farko ya tsaya, kamar yadda ya saba, yana jiran inji ya ɗumi. Mutane suna roƙo yana ba su haƙuri. Sai wata mata ta zo, ƙawar ƙanwarsa ce, tare suka tashi a Dewule kafin a yi mata aure nan. Ba ta roƙe shi komai ba. Ta kwance goyonta ta miƙo yaron ta taga ta ajiye a kan kujera, ta juya ta tafi.

"Sai da na sauka na bi ta har bayan gari. Ta ƙi miƙo hannu. Na ajiye mata shi a ƙasa gaban ƙahwahunta na dawo. Tun ran nan ba ni tsayawa. In ka iya zama cikinsu har allurarka ta hau, ga makulli."

Ban karɓi makullin ba. Muka dawo Madawa a hankali.

Na samu Alhaji a rumfarsa, Illo yana tsaye bayana. Na ce abu uku ne suka haɗu: man durom ya yi wa sanyin kwari kauri, ana tashi da asuba, kuma ana fita da gudu inji bai samu mai ba. Ya tambayi dalilin gudun. Kafin in buɗe baki Illo ya faɗa masa da kansa, a taƙaice.

Alhaji ya dube ni, ya dube shi, ya yi murmushi. "Wato kun shirya a hanya. Kai ka wanke kanka, shi ya samu labarin tausayi. Ni na san abin da ake yi. Ana ɗaukar mutane a karɓi kuɗi a sauke su kahin shinge, nauyi shi kashe mini mota."

Illo ya ce, "Alhaji, wa ke da abin biya cikinsu?"

"Ni za ni gani da idona. Tahiya ta gaba da ni za a yi. In mun dawo ka aje mini makulli."

Na ce ni ma ina ciki, kuma wannan karon ba za a tafi da man durom ba. Na aika wa Baba Ishaya, ya samo mini galan na mai marar kauri daga wajen tsofaffin abokan aikinsa. Na kuma jefa kaskon wuta a bayan kujera. Alhaji ya gan shi ya tambaya ko shayi za mu sha. Na ce dabara ce ta masu manyan motoci: a sa garwashi a ƙarƙashin tukunyar mai da asuba, nesa da tiyon gazuwal, mai ya saki kafin a tada inji. Ban san ko wane irin sanyi za mu tarar ba, kuma injin nan ya riga ya sha wuya sau ɗaya bayan gyara.

Ƙauyen dai muka koma. Alhaji ya kwana ɗakin baƙin maigari. Da asuba na roƙi garwashi a cikin gida, na tura kasko ƙarƙashin kamiyo na tsuguna ina tsaronsa. Alhaji ya fito cikin babbar riga da bargo, ya hau gaba ya zauna ya rufe ƙofa. Illo ya zauna a mazauninsa, hannu a kan cinya.

Suka fara zuwa. Sun fi na wancan karon, don labari ya bazu cewa mai motar da kansa ya zo. Suka tsaya a gefen da Alhaji yake. Wani tsoho, wanda wuyansa ya zama kamar igiya, ya matso ya ɗaga kai.

"Gado ne? Gado na Malam Barmo? Ka manta ni. Gidana kuke sauka da mahaihinka in kun zo sayen wake, kana ƙarami, kana bisa jaki."

Alhaji ya gaishe shi, murya ƙasa-ƙasa. Tsohon bai roƙi komai don kansa ba. Ya nuna wasu mata biyu da yara a bayansa, ya ce mazansu sun tafi tun kaka ba labari.

Daga inda nake tsugune na ji Alhaji ya ce, "Illo, tada mota."

Illo ya leƙo ta taga. "Malam Abdu?"

Na taɓa tukunyar da bayan hannu. Na ce, "Da saura."

Muka ƙara jira. Yara suna ta tari. Wata mata ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar Alhaji, ba ta buga ba, ta dai bar shi a nan. Da ƙarfen ya yi ɗumi na janye kasko na juye garwashin nesa, na zagaya na hau ta gefen Illo na matsa tsakiya. Ya murɗa makulli, inji ya kama, ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya daga wuta. Allura ta ɗan yi jim, ta fara hawa.

Alhaji ya ce, "Ta hau. Mu tahi."

Na ce, "Mai ne ya yi ɗumi, Alhaji. Sauran injin ƙanƙara ne, ga hawa a gabanmu."

Tsohon yana nan tsaye yana kallon Alhaji ta gilashi.

"Illo, na ce mu tahi!"

"In na taka yanzu, Alhaji, abin da ya hwaru shi za ya sake hwaruwa. Motarka ce. Ka ce in taka, in taka."

Inji yana ta bugawa a hankali, ƙararsa tana sauka tana daidaita. Sai muka ji kamiyo ya ɗan motsa ta baya, kamar an ɗora buhu. Ya sake motsawa. Illo ya kalli madubi, ya kalli Alhaji. Alhaji ya ja bargo ya rufe kansa, ya zauna haka ɗan lokaci. Sannan ya yaye, ya buɗe ƙofa ya sauka.

Na ɗauka korar su zai yi. Sai na ji muryarsa a baya, irin wadda yake yi wa ƴan dako a kasuwa. "Masu goyo tukuna! Kai, ɗaga tsohuwag ga! Ku zauna ƙasa, kada wanda ya tsaya!" Ya dawo ya kama hannun tsohon nan ya tura shi gaba inda yake zaune, shi kuma ya matse a bakin ƙofa. Mu huɗu a gaba, gwiwata tana kan sandar giya.

Ya ce, "Yanzu hwa? Ta ɗumi?"

Na ce ta ɗumi.

Illo ya hau tudun nan da giya ta ɗaya, a natse, allura tsaye inda ya kamata. A shingen jandarma Alhaji ya sauka shi kaɗai, ya shiga rumfarsu ya daɗe. Ban san abin da ya faɗa musu ba, bai kuma taɓa gaya mana ba. Aka ɗaga sanda muka wuce.

Da muka sauke mutane a Madawa muka kawo kamiyo gareji, Illo ya zare makulli ya miƙa masa. Alhaji ya yi kamar bai gani ba. Ya ce in buɗe masa inji. Ya zaro sandar awo da kansa, ya murza man a yatsa, ya shinshina, ya goge a bargo. Ya dube ni ta gefen ido.

"Wanga man na da kyau. Amma kusinen nan na hwarko, Abdu, har yanzu ban yarda da su ba."

Na ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji."

Bai taɓa janye maganar ba har ya rasu, amma a nan ya ci gaba da gyara, sauran motoci ma a hankali suka dawo. Kamiyon ya ƙarasa jigilar sanyin nan bai sake tsayawa a hanya ba. Alhaji bai ƙara bin sa ba ko sau ɗaya. Duk ranar dawowa yakan tare Illo a bakin magaza ya tambaye shi gazuwal, ya tambaye shi taya, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ko'ina. Bayan kamiyon ne kawai ba ya leƙawa.